Juyawa, bugawa ko dannawa: me za mu kira da'irar lambobin tsohuwar wayar tarho?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina aikin mayar da wani rubutu daga Turanci zuwa Hausa, kuma na zo wani wuri da ya tsayar da ni tun shekaranjiya. Marubucin yana ba da labarin wata mata da ta ɗaga kan wayar tarho a shekarun 1950, ta sa yatsa cikin abin nan mai siffar da'ira da ramuka goma, ta riƙa juya shi har ta kammala lambar da take nema. Turawa suna kiran abin nan dayal, kuma da wannan kalma ɗaya suke nufin abin da kansa da kuma aikin da ake yi da shi. Tambayata biyu ce. Wane suna ya dace da abin a Hausa? Sannan wace kalmar aiki zan sa wa matar, tunda idan na ce ta danna lamba na yi ƙarya, domin babu abin dannawa a jikin wannan waya, idan kuma na ce ta buga waya mai karatu ba zai ga yatsan nata yana zagayawa ba, alhali wannan zagayawar ce marubucin ya ɗauki sakin layi guda yana siffantawa.

Tsohon Makanikin Waya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a raɗa wa abu suna yana da kyau a san aikinsa, don haka bari in fara daga nan, tunda na daɗe ina kwance irin waɗannan wayoyi ina ɗaurawa. Abin da ido yake gani shi ne wani fefe mai ramuka goma, a ƙarƙashinsa an rubuta lambobi daga 1 zuwa 9, sannan sifiri a ƙarshe. A gefen dama ta ƙasa akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da yake tare yatsa. Mutum zai sa yatsa a ramin lambar da yake so, ya ja ta yadda hannun agogo yake tafiya har ya kai ga ƙarfen nan, sannan ya saki. Yawancin mutane sun ɗauka lokacin da suke ja ne lambar take tafiya, amma a lokacin nan wani ɗan naɗaɗɗen ƙarfe na ciki, mai mayar da fefen mazauninsa, kawai ake ɗaurewa. Sai an saki, fefen yana komawa mazauninsa da kansa, sannan wani ɗan maɓalli a ciki yake katse wutar layin yana mayarwa, sau ɗaya idan 1 aka ja, sau bakwai idan 7 ce, sau goma idan sifiri ne. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai juyawa da muke kira gwamna, kamar na inji, wanda yake hana fefen komawa da gaggawa, ya riƙe shi a kan katsewa kusan goma a sakan ɗaya. Na'urar da ke ofishin haɗa layi ita ce take ƙirga waɗannan katsewa ta san lambar da aka nufa.

A wurin aiki dai dayal ɗin muke cewa, kamar yadda muka ji daga waɗanda suka koya mana. Ban ce shi ne daidai a rubutu ba.

Malamin Harshe:
Baba ya share mana hanya. Ni kuma zan ɗan leƙa asalin kalmar da ta tsayar da Malama, domin sanin inda ta fito zai nuna mana cewa ba dole ne mu bi ta sau da ƙafa ba. Masu binciken asalin kalmomin Turanci suna mayar da ita ga kalmar Latin da take nufin rana ko yini. Da farko sunan agogon inuwa ne, wato allon nan da ake kafa wa sanda a tsakiya a riƙa gane lokaci da inda inuwar ta faɗi. Daga nan sunan ya koma kan fuskar agogo, sannan ya bazu zuwa duk wata fuska mai da'ira da aka jera wa lambobi a gefe, irin ta ma'aunin gudun mota da ta akwatin rediyo. Da aka zo aka ƙera waya mai lambobi a da'ira, sai ita ma ta gaji sunan. Ke nan babu komai na waya a cikin kalmar tun asali, kamannin fuska kawai aka bi. Faransawa ma kalmar da suke kiran fuskar agogo da ita suka ba abin, Larabawa kuwa suka kira shi da kalmarsu ta kowane abu mai faɗi da da'ira, Jamusawa suka haɗa kalma biyu da ma'anarsu ta zama fefen zaɓa.

Shawarata ita ce a ce faifan lambobi. Bahaushe ya riga ya ɗauki kalmar faifai daga abin da ake saƙawa ya ba wa na garmaho, daga baya ya ba wa na bidiyo, kuma ba a taɓa samun wanda ya rikice ba. Abu ne mai faɗi, mai da'ira, mai juyawa a kan tsakiyarsa. Baba ma da kansa, da ya zo bayani, bai san lokacin da bakinsa ya kai shi ga fefe ba.

Ɗalibin Lantarki:
Malam, ina neman afuwa, amma ina da ja. A kunnen tsarata faifai ya riga ya zama abin da ake ajiye sauti ko hoto a ciki, har ma ana cewa an saki faifan bidiyo alhali babu wani abu mai da'ira da aka saki, saƙo ne kawai yake yawo a intanet. Idan na karanta faifan lambobi ba tare da wani bayani ba, zan zaci wani kundi ne da aka tara lambobin waya a cikinsa. Me zai hana a ce majuyin lamba? Ginin kalmar na Hausa ne tsantsa, kamar mabuɗi da maɓalli da madubi, kuma yana faɗin aikin abin kai tsaye.

Malamin Harshe:
Jan naka yana da tushe, ɗana, kuma na karɓi rabinsa. Gaskiya ne faifai ya yi nisa da siffarsa a bakin matasa. Sai dai majuyi yana da tasa matsalar. Idan ka duba misalan da ka kawo, mabuɗi shi ne abin da ake buɗewa da shi, madubi abin da ake dubawa da shi, don haka majuyi zai zama abin da ake juya wani abu da shi. A wayar nan kuwa abin da kansa ake juyawa, yatsa ne majuyinsa. Sannan lambobin ba sa juyawa ko kaɗan, suna nan daram a kan farantin da ke ƙasa, ramukan ne suke wucewa ta kansu. Wannan ma ya sa ni kaina nake ganin juya lamba, wanda shi ne abin da zai fara zuwa bakin kowa, bai cika daidai ba idan aka bi diddigi, ko da yake harshe ba kullum yake bin diddigi ba.

Hajiya Tsohuwar Akawu:
Ku bari wadda ta yi shekaru tana aiki da abin kullum ta sa baki. Ni ban taɓa buƙatar sunansa ba sai ranar da ya lalace, kuma ranar ma cewa na yi wurin juyawar ya ƙi komawa, mai gyara ya gane. Abin da na fi tunawa shi ne nauyinsa a yatsa. Idan lambar tana da tara da sifiri da yawa, sai ka ja har kusan zagaye guda, ka saki, ka zauna kana jin wannan ƙarar tirrr har ya koma, ba ka da ikon sa masa hannu ka gaggauta shi. Idan kuma ka kai lamba ta biyar yatsa ya zame kafin ya taɓa ƙarfen, shi ke nan, sai ka danne mazaunin kan wayar ka sake tun daga farko. Yawancinmu da gindin fensir muke ja, saboda gefen ramin yana cin farce, har za ka ga lambobin da aka fi nema sun koɗe a kan farantin.

Game da kalmar aiki, Malama, abin da muke faɗa shi ne buga. Shugaba zai ce a buga masa wane, ni kuma in ce na buga layin yana cike, ko na buga ba a ɗaga ba. Ban taɓa jin wanda ya ce a juya masa wane ba. Juyawa aikin yatsa ne, bugawa kuwa ita ce buƙatar da aka zo da ita.

Mai Fassara:
Hajiya, wannan bambanci da kika yi ya buɗe mini ido. To amma daga ina buga ta shigo, tunda babu abin da ake bugu a jikin wayar?

Malamin Harshe:
Fahimtata ita ce ta riga tarho zuwa. Kalmar waya kanta sunan zaren ƙarfen da ake ja a kan turaku ne, kuma saƙon da aka fara aikawa ta wannan zare shi ne na tangaraho, wanda ma'aikaci yake ƙwanƙwasa wani ɗan maɓalli, gajeren bugu da dogon bugu, wani a can nesa yana saurare yana rubutawa. Wanda ya ce an buga waya a wancan zamani yana nufin an aika irin wannan saƙo, kuma bugun na zahiri ne, ana ji da kunne. Da tarho ya zo ta kan zaren ƙarfe iri ɗaya, sai ya tarar da kalmar a shirye ya shiga cikinta. Wayar salula ma, wadda ba ta da zare ko taƙi ɗaya, ta gaji waya ta gaji buga. Don haka abin da ya sami Turawa, da suke ambaton dayal a kan wayar da fuskarta gilashi ce, ya same mu tun kafin su, mu namu gadon ma ya fi nasu tsufa da zamani guda.

Mai Karatun Jarida:
Malam, a nan ina ganin an ɗora wa tangaraho kayan da ba lallai nasa ba ne. Buga kalma ce mai faɗin ciki. Ana buga littafi, ana buga ƙwallo, ana buga hatimi, ana buga misali, ana buga sammako. Wace tangaraho aka ƙwanƙwasa kafin a buga sammako? Yana yiwuwa Bahaushe ya ɗauki kalmar da ya saba jingina wa kowane aiki mai ƙarfi ko na gaggawa ya jingina wa waya, ba tare da ya taɓa ganin ma'aikacin tangaraho ba. Kuma kada a manta da tsohuwar wayar da ake murɗa hannu a gefenta, ƙararrawa ta kaɗa a wurin mai haɗa layi. Ita ma ƙararrawa ai bugawa take yi.

Malamin Harshe:
Ban musa faɗin kalmar ba, kuma na ce fahimtata ce. Abin da ya sa na karkata can shi ne tsofaffi sun yi amfani da buga waya a ma'anar aika saƙon tangaraho, wanda ake kawo wa mutum a rubuce a takarda. Amma hanyoyin biyu ba sa korar juna, mai yiwuwa faɗin kalmar ne ya sa ta zauna da sauƙi.

Tsohon Makanikin Waya:
Ku malamai kuna ta neman bugun a tarihi, ni kuwa ina gaya muku yana nan cikin wayar da Malama take tambaya a kai. Ku koma kan bayanina na farko. Abin da fefen yake aikawa ta layi ba komai ba ne illa bugu a jere, ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ka kara kunne da kyau lokacin da yake komawa za ka ji su ƙas, ƙas, ƙas. Hujjar da ta fi wannan ma ita ce kwaɗo. A wurare da yawa akan sa ɗan ƙaramin kwaɗo a ramin lamba 1 don fefen ya kasa juyawa, a iya amsa kira amma a kasa yin sa. To masu wayo sun gano cewa mazaunin kan wayar shi ma katse layi yake yi idan aka danne shi. Sai mutum ya riƙa ƙwanƙwasa shi da sauri da yatsa, sau uku ya ɗan dakata, sau biyar ya ɗan dakata, sau goma idan sifiri ne, na'urar ofis kuwa ba ta san bambanci ba, ƙirga kawai take yi, sai ta haɗa shi. Na sha zuwa duba wayar da aka ce kuɗin kiranta ya yi yawa alhali a kulle take, in tarar kwaɗon lafiya lau, mazaunin ne ya sha bugu har ya yi sako-sako. Wanda ya yi haka bai juya komai ba, amma ya buga waya, bugu na gaske.

Wani abin kuma, wayoyin farko na wannan tsari ba su da fefen ma sam. Almon Strowger, Ba'amurken da sana'arsa shirya jana'iza ce a birnin Kansas, shi ya sami takardar mallakar fasahar haɗa layi ba tare da mutum a tsakani ba a 1891, aka kuma fara aiki da ita a garin La Porte na jihar Indiyana a 1892. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya zargi masu haɗa layi da karkatar masa da masu nemansa zuwa wurin abokin gasarsa. A wayoyinsa na farko maɓallai ne ake dannawa sau adadin lambar, wato mai kira shi yake ƙirga bugun da kansa. Abokan aikinsa ne suka ƙera fefen a 1896 don ya ɗauke wa mutane wahalar ƙirga da kuskuren da ke cikinta.

Ɗalibin Lantarki:
Baba, wannan ya warware mini wani abu da na taɓa karantawa ban gane ba. Da aka raba lambobin yankuna a Amurka a 1947, an ba New York 212, aka ba Los Angeles 213, Chicago kuma 312. Ashe lissafin bugu ne: 212 bugu biyar ne kacal, sauran biyun shida shida, don biranen da aka fi kira su fi saurin samuwa.

Tsohon Makanikin Waya:
Haka ne, ɗana. Kuma ba kowace ƙasa ce ta jera bugun iri ɗaya ba. A Suwidin sifiri ne yake da bugu ɗaya, 1 yana da biyu, har zuwa 9 mai goma. A New Zealand kuwa an juya jerin, 9 ne mai bugu ɗaya, 1 mai tara. Shi ya sa lambar neman agajinsu ta zama 111, wadda a kunnen na'ura daidai take da 999 da aka fara a Landan a 1937. Su Ingilishi sun guji lambar da bugunta ɗaya ɗaya ne, saboda zaren waya biyu da iska ta gwara a kan turaku suna iya haifar da irin wannan bugu ba tare da kowa ya kira ba.

Hajiya Tsohuwar Akawu:
To ga shi Baba ya wanke mu. Ashe da muke cewa buga ba kuskure muke yi ba, mun faɗi abin da ke gudana cikin zaren ba mu sani ba. Amma zan ƙara wa Malama wani abu game da zamani, tunda labarin nata na shekarun 1950 ne. Kada ki sa wa matar danna ko latsa ko da sau ɗaya. Wayar maɓallai ta zo daga baya, kuma da ta iso teburina sai da na yi kwanaki yatsana yana neman rami.

Ɗalibin Lantarki:
Hajiya ta yi daidai. Kamfanin Bell ya fara ba jama'a wayar maɓallai mai aiki da sauti a watan Nuwamba na 1963 a jihar Pennsylvania. A wannan tsari babu katse layi, kowane maɓalli sauti biyu yake fitarwa a haɗe, na'urar ofis ta gane lambar daga amon. Ke nan daga lokacin bugun zahiri ya fara fita daga cikin zaren, kalmar ta ci gaba da zama a baki. Ni dai na janye majuyi. Amma har yanzu ina tsoron faifai shi kaɗai, saboda dalilin da na faɗa.

Malamin Harshe:
Tsoron naka yana da magani. A ambato na farko a ce faifan lambobin tarho, ko faifan lambobi mai ramuka goma, a nuna yatsa yana shiga, daga nan faifan kawai ya wadatar, domin mai karatu ya riga ya gan shi. Wayar kanta kuma a kira ta wayar girke mai faifai, don a bambanta ta da mai maɓallai da kuma wadda ake murɗa wa hannu. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a nemi kalma ɗaya da za ta ɗauki suna da aiki tare don kawai Turanci ya yi haka. Mu muna da uku, kowace da gurbinta: faifai ga abin, ja ko juya ga motsin yatsa, buga ga kiran gaba ɗaya.

Mai Karatun Jarida:
Ni har yanzu da za a bar ni, dayal ɗin zan rubuta da harufanmu, kamar yadda muka yi wa rediyo da tarho, tunda Baba ya ce haka masu sana'ar suke faɗa. Sai dai na yarda cewa rediyo da tarho kowa ya san su, wannan kuwa bai wuce bakin makanikai ba, kuma abin da yake nufi ya riga ya bar hannun mutane.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, iyayena. Ga yadda na tsara wurin, a duba mini: "Ta ɗaga kan wayar, ta saurara har ta ji amon layi, sannan ta sa yatsa a faifan lambobin ta ja tara har ƙarfen ya tare ta. Ta saki, ta tsaya tana kallon faifan yana komawa a hankali. Sau shida ta yi haka kafin ta gama buga lambar." Baba, abu ɗaya ya rage. Marubucin ya ce da ta ƙosa sai ta mayar da faifan baya da yatsa don ya yi sauri. Hakan yana yiwuwa?

Tsohon Makanikin Waya:
Mutane suna gwadawa, 'yata, amma gwamnan yana turjewa, kuma idan aka fi ƙarfinsa bugun yakan rikice, na'ura ta ƙirga ba daidai ba, a faɗa gidan da ba shi aka nufa ba. Ki bar jimlar yadda marubucin ya sa ta, sai dai ki ce ta tura faifan, kada ki ce ta juya shi, domin a komawa shi yake tafiya da kansa. Sannan a jimlarki ta farko ki ce ta sa yatsa a ramin tara, don mai karatun da bai taɓa ganin abin ba ya san akwai rami.